Saƙon godiya bayan kare kundin digirina na uku a kan ƙwayoyin cutar huhu

Assalamu alaikum. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda da ikonsa na kare kundin digirina na uku a makon da ya gabata a nan Ingila, masu jarrabawa kuma suka amince da shi bisa sharaɗin 'yan gyare-gyare. Saƙonnin taya murna sun fi ƙarfin in amsa su ɗaya bayan ɗaya, don haka na ga ya dace in yi godiya a bainar jama'a, in kuma amsa tambayar da 'yan'uwa suka sha yi mini game da abin da ya riƙe ni a ɗakin gwaji tsawon shekarun nan.

Waɗanda suka fi kowa cancantar godiyata su ne masu fama da cutar sistik faibrosis da suka yarda a yi bincike da kakin da suke tofarwa, alhali yawancinsu ban taɓa ganin fuskarsu ba, lamba kawai nake gani a jikin kwalba. Cutar ta gado ce wadda ta fi yawa a tsakanin Turawa, kuma kamar sikila, sai yaro ya gaje ta daga uwa da uba duka. A shekarar 1989 aka gano ƙwayar halittar da ke haddasa ta, mai suna CFTR, wadda idan ta samu naƙasu gishiri da ruwa ba sa ratsa hanyoyin numfashi yadda ya kamata, sai majina ta yi kauri ta kwanta a huhu ta zama matattarar ƙwayoyin cuta. A ƙuruciya Staphylococcus aureus ce ta fi yawan kama su, daga baya kuma Pseudomonas aeruginosa ta shigo, wadda idan ta samu gindin zama ba kasafai ake iya fitar da ita ba har ƙarshen rayuwa.

A kan ita wannan ta biyun na yi aikina, kuma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda take ajiye makamanta idan zamanta ya yi tsawo. Wadda aka samu a farkon kamuwa tana da wutsiyar ninƙaya, tana fitar da dafi, tana rina farantin gwaji da launi tsakanin shuɗi da kore. Jikanyarta da aka ɗauko daga huhun mutumin nan bayan shekaru sau da yawa ta daina ninƙaya, launinta ya dusashe, saurin girmanta ya ragu, har ma wani lokaci ta daina haɗa wasu sinadaran abincinta saboda tana samun su a cikin majina. Dalili kuwa shi ne garkuwar jiki tana gane ta ne da wutsiyar nan da sauran alamominta, don haka wadda ta zubar da su ita ce ke tsira ta hayayyafa. Sannan idan ƙwayar halittarta mai suna mucA ta lalace, sai ta shiga fitar da wani sinadari mai suna aljinet babu ƙaƙƙautawa, ta lulluɓe kanta da shi, magani da sojojin jini su kasa isa gare ta sosai. Ranar da na fara ɗaga irin wannan da tsinken gwaji, na ga tana jan zare kamar miyar kuɓewa.

Wannan ilimi ya girme ni, kuma wajibi ne in ambaci waɗanda suka share hanya. A shekarar 2000 masu bincike a Sifaniya sun nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na majinyatan da suka duba suna ɗauke da nau'in da ya rasa ikon gyara kurakuran halittarsa, wanda hakan ke sa shi saurin sauyawa da saurin bijire wa magani. A 2006 wasu a Amurka suka kwatanta ƙwayoyi biyu da aka ɗauka daga yaro ɗaya da tazarar kusan shekara 8, suka ƙirga sauye-sauye 68 a tsakaninsu. A 1996 kuma aka ba da rahoton wani nau'i a Libaful da ke yaɗuwa daga majinyaci zuwa majinyaci, kuma irin wannan haɗari ne ya sa asibitoci ke raba masu cutar da juna. A ganina wannan na cikin mafi ɗacin hukuncin da cutar ke yanke musu, domin mutanen da suka fi fahimtar halin da kake ciki su ne aka hana ka zama kusa da su.

Ina godiya ga ma'aikatan jinya da ma'aikatan gashin ƙashi masu kula da ƙirji da ke lallashin majinyata su yi tari har kaki ya fito, da ma'aikaciyar ɗakin gwajinmu da ke kula da firjin da ke daskarar da samfura a ma'aunin sanyi 80 ƙasa da sifili. Ba don tsarinta na rubuta kowace kwalba da kwanan watanta ba, da babu yadda za a yi in jera ƙwayoyin mutum ɗaya daga tsohuwa zuwa sabuwa. Malamaina biyu da suka duba aikin sun yi haƙuri da ni, musamman lokacin da sakamakon gwaji ya ƙi daidaita da abin da muke tsammani, suka ce in rubuta abin da na gani kawai.

Baba da Inna, addu'arku ce ta kawo ni nan, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Uwargida da yara, kun jure dawowata gida cikin dare da warin ɗakin gwaji a rigata, Allah ya saka muku da alheri. Yaya, ba zan manta da ɗawainiyar gida da ka ɗauke mini ba.

Tun daga 2019 da aka amince da maganin Trikafta a Amurka, rayuwar masu cutar da yawa ta sauya, sai dai bincike ya nuna cewa Pseudomonas da ta riga ta daɗe a huhu takan ci gaba da zama ko da lafiya ta inganta. A kan wannan zan ɗora aikina na gaba da yardar Allah, kuma ina roƙon ku ci gaba da sa ni da majinyatan nan cikin addu'a.