Roba ɗaya nawa ta tsaya maka?

Ƙannena masu shirin fara sana'a, ku ji abin da buhun dankali ɗaya ya koya mini, don kada ku biya kuɗin da na biya.

Shekarar da na gama sakandare kawuna ya ba ni ɗan jari. Na je kasuwar Farin Gada da ke Jos na saro buhun dankalin turawa, irin wanda ake kawowa daga Bokkos, a kan naira 6,000. Na auna da robar fenti, ya ba da roba 20. Na raba 6,000 gida 20, na samu 300, sai na yanka wa kowace roba 350, ina jiran ribar naira 1,000. Kwana uku ina kasa kaya a wajen kasuwar Terminus. Da kaya suka ƙare na ƙirga, abin da ke aljihuna bai kai wanda na fita da shi ba.

Da daddare Kawu ya zaunar da ni a kan tabarma. Ya ce, "Yaro, kuɗin mota fa? Ɗan dako fa?" Naira 600 ke nan da ban sa a lissafi ba. Ga wanda ya ruɓe a gindin buhu, ga gyaran da na riƙa yi wa masu saye, su ma sun tashi roba 2. Ashe 6,600 na kashe, roba 18 kuma na sayar. Raba ka gani: kowace roba ta tsaya mini kusan 367, ina bayarwa 350. Ciniki 6,300, faɗuwa 300. Rabawar tawa ba ta da kuskure, abin da na raba ne bai cika ba. Har yau wannan ne ya fi damuna idan na ga yaro ya iya lissafi a takarda amma kasuwa na cinye shi.

Don haka kafin ka sa farashi, tara duk abin da ya fita daga aljihunka, ka raba shi da yawan abin da zai sayu da gaske.

A wajen saye ma haka ne, babbar leda ba kullum ta fi araha ba. Misali, garin sabulu mai giram 900 a 1,800, giram ɗaya naira 2 ke nan. Mai giram 500 a 900 kuwa naira 1 da kwabo 80 ne. Wayar hannunka za ta yi maka wannan kana tsaye gaban mai shago.

Buhu na biyu da na saro, sai da na zazzage shi na tsince ruɓaɓɓu, sannan na auna.