Alhaji na son ganin injinsa a waya, ni ko gabana faɗuwa yake

Ni dai sana'ata haɗa sola ce da inbata da kyamarorin tsaro, yau shekara tara ke nan ina cikinta, daga nan Birnin Kebbi zuwa Argungu da Jega, wani lokaci har Yauri in aiki ya kira. Kuma yanzu yawancin masu zuwa shagona maganarsu guda ce, "Malam, so nake in riƙa gani a waya." Mai gida na son ganin ƙofar gidansa, mai gidan gona na son ganin kajinsa, wannan duk da sauƙi. Inda abin ya fara ɗaga min hankali shi ne da masu manyan injina sunka shigo layi, don su gani kaɗai bai ishe su ba, so suke suna kishingiɗe a falo su kunna su kashe.

Kafin azumin da ya wuce akwai wani Alhaji mai injin gyaran shinkafa da ya kira ni, ba irin manyan kamfanonin nan da kowa ya sani ba, matsakaici ne, kuma ba zan faɗi inda yake ba don har gobe muna mu'amala. Ya sayo sabbin kaya, boila, wato tukunyar ƙarfe mai dafa ruwa ta ba da tururi, da tukwanen turara shanshera da injin busarwa, duk an haɗa su da wani allo mai taɓawa, waɗanda sunka kafa mashi kuma sun maƙala wani ɗan akwati mai sim a jikin fanel wai don injiniyansu ya riƙa duba matsala daga nesa ba sai ya hawo mota ba. Ni aikina shi ne in saka kyamarori in kuma haɗa famfon bohol ɗin da ke cika tankin boila da manhajar waya, saboda Alhaji zai tafi Umara kuma ya ce ko yana Makka yana son sanin abin da ke gudana. Na yi aikin na karɓi kuɗina. Laifin farko kuma nawa ne, ba zan ɓoye ba, asusu guda ɗaya tal na buɗe na miƙa wa manaja, shi kuma ya rarraba kalmar sirrin kamar goron suna, mai shiga aikin dare ya samu, akawu ya samu, har direba.

Bayan kamar sati uku, wajen ƙarfe biyun dare waya ta tashe ni. Famfo ya mutu da kansa, an kunna ya sake mutuwa, an sake kunnawa ya sake mutuwa, ga wuta lafiya lau ga batir cike. Yaran da ke aikin dare har sun gama yanke hukunci, wai mutanen ɓoye ne, dama akwai wata tsohuwar tsamiya bayan katanga da ba su yarda da ita ba. Wanda Allah Ya sa ya zama sanadin tsira shi ne Baba mai kula da boila, dattijo ne da ya yi aikin masaƙa tun masaƙu na da rai, shi bai taɓa yarda da allon nan ba, gilashin ma'aunin ruwa yake kallo da idonsa. Da ya ga tanki ya yi ƙasa ruwa kuma ba ya shigowa sai ya daina zuba ɓuntu ya janye wutar gaba ɗaya. Wanda bai san boila ba ba zai gane girman abin ba: in ruwa ya ƙare wuta na ci, ƙarfen zai yi jawur, to a wannan hali in ruwan sanyi ya shigo mata bagatatan tana iya tarwatsewa, kuma mutum bakwai ne a rumfar a daren.

Da gari ya waye na buɗe tarihin manhajar, sai ga wayar da ta riƙa ba da umarnin. Wani yaro ne da anka sallama kwana goma baya kan rigimar albashi. An karɓe makullin sito daga hannunsa, an karɓe rigar aiki, amma ba wanda ya tuna akwai wani makulli a aljihunsa. Da anka tsare shi sai ya ce shi wallahi manaja kawai ya so ya hana barci, bai san famfon na da alaƙa da boila ba. Kuma na yarda da shi, wannan ne ma ya fi ba ni tsoro.

Abin da ban sani ba sai da na zauna bincike shi ne irin wannan ta faru tuntuni. A shekarar 2000 a wani yanki da ake kira Maroochy a Ostareliya, wani mutum da ya yi aiki da kamfanin da ya kafa na'urorin tashar ruwan kwata ya nemi aiki a ƙaramar hukumar anka hana shi, sai ya riƙa yawo a mota da kwamfuta da na'urar rediyo yana ba famfuna umarni, har ya saki ƙazantar da ta kai wajen lita 800,000 cikin rafuka da wuraren shaƙatawa. Shekara biyu ya samu a gidan yari. Shi lokacin ma sai da ya matso kusa da famfunan a cikin mota, yaronmu kuwa daga kan katifarsa ya yi.

Da Alhaji ya dawo na je yi mashi barka da sauka, na kawo maganar cewa a cire injin daga intanet. Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, yaron nan dai mun gama da shi. In kuma masu kutsen nan kake nufi, wa ya san da ni? Za su bar bankunan duniya su zo kan shanshera ta?" Na ce ranka ya daɗe ai ba sai sun san ka ba. Akwai wani shafi sunansa Shodan, tun 2009 yake, aikinsa kamar na Google ne sai dai shi na'urori yake nema, dare da rana yana ƙwanƙwasa duk wani adireshi da ke kan intanet yana rubuta abin da ya amsa, kyamara ce, rauta ce mai raba intanet, ko allon sarrafa famfo. Masu mugun nufi ma suna da nasu manhajojin da ke yin haka ba hutu, su gwada admin admin, su gwada 1234, inda ta buɗe su shiga. Manhaja ba ta san Kebbi ba, ba ta san Landan ba, ƙofa a buɗe kawai ta sani. A Nuwamban 2023 haka anka yi wa hukumar ruwa ta wani ƙaramin gari mai suna Aliquippa a jihar Pennsylvania ta Amurka, wata ƙungiya mai alaƙa da Iran ce ke farautar na'urorin sarrafa injina na kamfanin Unitronics saboda ƙirar Isra'ila ne, kuma lambar sirrin da na'urorin ke zuwa da ita daga kamfani a lokacin ita ce 1111, da yawa ba su taɓa canza ta ba. Ma'aikatan sai da sunka koma sarrafa tashar da hannu.

Ni abin da ya fi damuna da na'urorin masana'anta shi ne asali ba a ƙera su don su yi mu'amala da baƙo ba. Ƙananan kwamfutocin da ke cikin fanel, waɗanda injiniyoyi ke kira PLC, da yawansu suna magana da juna ne da wani tsari mai suna Modbus wanda anka ƙirƙira tun 1979, lokacin da duk wanda zai ba inji umarni sai ya wuce maigadi ya shigo ɗakin da ƙafarsa. Shi ya sa tsarin ba ya tambayar waye kai, ka ce buɗe ya buɗe, ka ce rufe ya rufe. Kamar ɗakin tsakiyar gida ne da labule kawai gare shi don akwai zaure akwai ƙyaure, sai rana tsaka wani ya fasa katanga ya yi mashi ƙofa zuwa bakin titi, labulen kuma yana nan yadda yake. Ga shi waya in ta shekara uku an canza, tana kuma sabunta kanta kana barci, amma inji sai ya shekara ashirin ba a taɓa manhajarsa ba, don mai shi ba zai tsayar da aiki lokacin kaka ba saboda wani gyara da ido ba ya gani.

Kuma ɓarnar daban take. In anka kwashe maka Facebook za ka ji haushi, ka roƙi mutane kada su tura kuɗi, ka buɗe sabo. Inji kuwa ƙarfe ne da wuta da tururi da ran mutane a gefe.

Ku duba abin da ya faru a Yukren ranar 23 ga Disamban 2015, tsakiyar hunturu. Masu kutse sun shiga kamfanonin rarraba wuta tun watanni kafin nan ta hanyar saƙon imel mai ɗauke da tarko, sunka yi lamo suna koyon yadda ake aiki, ranar da sunka tashi ma'aikata na zaune suna kallon kibiyar kwamfutarsu na yawo da kanta tana kashe tashoshi ɗaya bayan ɗaya, har layukan wayar koke sai da anka toshe. Sama da gidaje da wuraren sana'a 200,000 sunka shiga duhu. Abin da ya cece su cikin 'yan awoyi shi ne har lokacin tashoshinsu na da hannun kunnawa na da, injiniyoyi sunka shiga motoci tasha tasha suna mayarwa. Da na karanta wannan Baba mai boila na tuna. Mu nan mun san ɗacin rasa tasha guda, a Satumban 2023 da gobara ta kama babbar tashar wutar Birnin Kebbi mu da Sakkwato duk mun ji a jikinmu, masu ƙanƙara da masu walda da masu niƙa sun tafka asara. Waccan gobara ce ba kutse ba, amma ta nuna yadda jihohi ke rataye a wuri ɗaya. Kullum ana maganar zamanantar da layin wutar ƙasa a riƙa sarrafa komai daga nesa, kuma abu ne mai kyau, ni dai addu'ata kada garin zamani a cire hannun kunnawa.

Sai kuma masu neman kuɗin fansa, kalmar da mu mutanen yankin nan ba ma son ji ko kaɗan. A Mayun 2021 kamfanin Colonial Pipeline mai bututun da ke kai mai gabashin Amurka ya tsayar da aiki na kwanaki bayan masu kutse sun shiga kwamfutocinsa suna neman fansa, layin mai ya dawo a ƙasar da ba ta saba ba, kamfanin ya biya kusan dala miliyan 4.4. Ta ina anka shiga? Ta wani tsohon asusu da ba a amfani da shi kuma ba a rufe ba, kalmar sirri ɗaya tal ba wani mataki na biyu. Wato ciwon da ya kama injin Alhaji ne sak, girman gida ne kawai ya bambanta.

Kada kuma wani ya ce to in an cire intanet shi ke nan. Wata muguwar manhaja mai suna Stuxnet da anka gano a 2010, wadda ta lalata injinan tace yuraniyom na Iran a Natanz, an tsara ta ne ta riƙa bin filashi don ta isa wuraren da ba su kan intanet. Ni kuwa da idona na ga kwamfutar ɗakin sarrafa injin Alhaji yara sun soka mata wayoyi uku suna caji, ɗaya ma yana kwafar fim.

Akwai ɗaya gefen da 'yan uwanmu na Zamfara sunka fi mu sani. A Satumban 2021 da anka rufe layukan sadarwa a jihar saboda matsalar tsaro, wani abokin sana'ata a Gusau ya ce min ya ga ta kansa, don akwai wuraren da ya haɗa wa na'urori masu jin umarnin manhaja kaɗai, sabis na ɗaukewa sunka zama kurame, sai da ya bi su ɗaya ɗaya yana kwance waya yana saka makunni na hannu.

Abin da munka ƙare a kai da Alhaji bayan doguwar muhawara, don shi ma ɗan kasuwa ne ba ya son a ce ya yi asarar abin da ya saya: kyamarori sun zauna a layinsu daban, yana ganin komai a waya har allon boila, don na kafa kyamara guda tana kallonsa, amma daga waya ba abin da zai iya taɓawa. Famfo ya koma makunnin bango da abin da ke yawo kan ruwa yana kunna shi in tanki ya yi ƙasa. Kowa da asusunsa, ranar da anka sallami mutum ranar ake goge shi kafin ma ya kai bakin get. Kwamfutar ɗakin kuma na toshe ramukanta na saya wa yaran abin caji na dubu huɗu na kafa masu a rumfa. Rigimar da ta fi tsawo kan akwatin sim ɗin nan ce, waɗanda sunka kafa injin sun ce in an cire ba ruwansu da garanti, sai na saka mashi makunni a cikin ƙaramin akwatin ƙarfe mai kwaɗo, in injiniyansu na son shiga ya kira manaja a kunna, ya gama a kashe.

Makullin kwaɗon Alhaji ya ce a ba Baba. Shekaranjiya na biya ta wajen na tarar ya rataye shi a wuya tare da carbinsa, injiniya ya kira sau biyu yana jira, shi kuma ya ce sai ya idar da La'asar.