Laftof Ɗaya a Ajin Ɗalibai Saba'in

Fiziks nake koyarwa a wata makarantar sakandare ta gwamnati da ke bayan garin Kano. Shekaru da dama ba ni da kayan aikin da ya wuce alli da allo da maƙogwarona. Muna da ɗakin gwaje-gwaje, amma na'urar auna wutar da ke ciki allurarta ta daina motsi tun kafin a turo ni makarantar. Idan muka zo babin lantarki sai in zana batir da kwan fitila a allo, in rubuta dokar Ohm, wadda ke nuna alaƙar ƙarfin batir da yawan wutar da ke bin igiya, yara su haddace ta kamar karatun sallah.

Da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda korona, aka koma ba da darasi ta rediyo, sai na ga irin nisan da aka yi mana. Bayan an dawo na yi adashi na sayi laftof ta hannu, na ari majigin ofishin shugaban makaranta. Burin da na rubuta a littafin shirin darasi a lokacin shi ne "zamanantar da aji". Da wani ya tsare ni ya ce me ɗalibi zai iya bayan an zamanantar ɗin wanda da bai iya ba, da ban samu amsa ba.

Darasin farko bidiyo na saka musu, wani Ba'amurke yana bayanin dokar Ohm. Aji ya yi tsit, har na baya da suka saba surutu suka miƙo wuya. Raina ya yi fari. Mako na zagayowa na yi gwaji, maki bai bambanta da na bara ba. Wani yaro ya ce da ni, "Malam, fim ɗin ya yi kyau, amma Turancin mutumin ba ya fita." Kallo suka yi, irin wanda ake yi a gidan ƙwallo. Ga wahalar wuta: sau biyu ana ɗaukewa a tsakiyar darasi, kafin a tayar da janareta rabin lokaci ya tafi.

Wani abokin aikina mai koyar da Lissafi ne ya nuna mini PhET. Manhajojin gwaji ne na kyauta daga Jami'ar Colorado da ke Boulder, waɗanda Carl Wieman, wanda ya ci kyautar Nobel a Fiziks, ya assasa a 2002. Abin da ya fi ja hankalina shi ne idan ka sauke sau ɗaya, ba ka ƙara buƙatar data. Na ɗauki wadda ake haɗa da'irar lantarki a cikinta: ga batir, ga igiyar wuta, ga makunni, ga kwan fitila, kana ja kana haɗawa, kana ganin wutar tana zagayawa.

A nan ma na kusa maimaita kuskurena, domin ranar farko ni ke haɗawa suna kallo. A darasi na biyu na sauya. Na haɗa kwan fitila biyu a layi ɗaya, ban kunna ba. Na ce kowa ya rubuta a takardarsa: idan na cire ɗaya, me zai sami ɗayan? Sannan a ɗaga hannu. Yawancinsu suka ce zai ƙara haske, tunda wutar ta zama tasa shi kaɗai. Gardama ta kaure, na bar su suka yi ta da Hausa, domin da Turanci mutum uku ne kawai za su yi magana. Sai na kunna, na kira wata yarinya daga bencin baya na ce ta cire. Duka biyun suka mutu. Ajin ya ɗauki "Kai!" gaba ɗaya.

Wani ɗalibi da yayansa ke aikin haɗa wutar gidaje ya miƙe. "To Malam, a gidanmu in kwan ɗaki ya ƙone, na tsakar gida ba ya mutuwa." Ban ba shi amsa ba. Na ce ya zo ya haɗa yadda zai zama kamar gidansu. Ya yi ta fama, ajin na ba shi shawara ta ko'ina, har ya haɗa igiya daga kan batir zuwa gindinsa ba komai a tsakani, batir ya kama da wuta a fuskar kwamfutar. Da na gaske ne da ban bari ya kai nan ba. A ƙarshe ya ba kowane kwai hanyarsa daban, ya cire ɗaya, ɗayan ya ci gaba da haske. Sai bayan wannan na rubuta musu sunayen haɗin biyu da Turanci, tunda da shi za a tambaye su a jarrabawa. Na koyar da babin nan sau da yawa, ban taɓa jin yaro ya kawo zancen wutar gidansu ba sai ranar.

Tun daga nan na kafa wa kaina sharaɗi: ba na kunna laftof sai a kan abin da allo ya kasa nunawa, kuma ba na kunnawa sai kowa ya rubuta hasashensa. Darussa da yawa har yau da alli nake yin su, lissafin gudu da nisa ba ya buƙatar majigi. Na kuma daina jiran wuta. Ina cika caji a gida, in raba aji rukuni-rukuni, wasu na kan laftof, sauran na warware tambayoyi a littafi.

Buri na biyu ba ni na zaɓe shi ba, baƙin ciki ne ya kawo shi. Akwai wata ɗaliba da ta fi kowa a ajinta. Ta dawo daga jarrabawar JAMB tana kuka, ta ce tambayoyin ba su gagare ta ba, hannunta ne ya yi ta rawa, domin ranar ce ta fara zama gaban kwamfuta ita kaɗai. Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawar gaba ɗaya kan kwamfuta, yanzu tambaya 180 ce cikin awa biyu, agogo na ƙirgawa a gabanka. Shekara biyu yarinyar nan tana ajina, laftof na kan teburina, ban taɓa cewa ta zo ta taɓa ba. Da na duba, sai na ga maza huɗu ko biyar ne kullum ke rige-rigen fitowa, su ne masu zuwa shagon intanet, ni kuma ina kiransu don darasi ya yi sauri. 'Yan matan kunya ke hana su, kuma na bar kunyar ta yi aikinta.

Yanzu da rajista nake bi, suna bayan suna, babu mai tsallakewa. 'Yan ajin ƙarshe kuwa muna zama bayan an tashi, kowa minti goma: ya shigar da lambarsa, ya zaɓi amsa da A, B, C ko D, ya danna N ya ci gaba, P ya koma baya. Abu ne ƙarami, amma WAEC ma ta fara jarrabawa ta kwamfuta ga masu zana ta daga waje a 2024, don haka ba abin da za a ɗaga wa ƙafa ba ne.

Na gwada tura aikin gida ta WhatsApp, na bari. Wayar ta uba ce ko ta yaya, tana kasuwa har dare. Wani dattijo ma, mahaifin wata ɗaliba, ya zo har makaranta ya ce, "Malam, karatu na kawo ta, ba latse-latsen waya ba." Na zaunar da shi na nuna masa da'irar nan, ya cire kwan da hannunsa. Bai ce ya yarda da waya ba, amma ya amince ta riƙa tsayawa zaman bayan tashi.

A manhajar akwai kwabo da magogi da fensir da ake sakawa a da'ira don a ga wanne ke wuce da wuta. Yaran ba su yarda cewa bakin fensir na wucewa da ita ba, suka ce kwamfuta ce ta ga dama. Ranar Asabar na shiga kasuwar Sabon Gari na sayo batiran tocila da ƙananan kwan fitila da igiyar wuta. Ranar Litinin kowane rukuni ya fere fensirinsa ta kai biyu, suka haɗa da hannunsu, laftof na rufe a cikin jaka.