Yadda na sa ƙaramin fom ya dawo min da amsa a Access

Kawuna yana da mangaza kusa da babbar kasuwar Maraɗi. Wake da aya yake saye daga ƙauyuka, ya sayar wa ƴan kasuwar da ke bi ta Ɗan Issa zuwa Jibiya da Katsina. Ni na haɗa masa rumbun bayanai da Microsoft Access, yaronsa yana shigar da buhunan da suka shigo da waɗanda suka fita. Da hannu ya faɗa, sai ya ƙaro buƙata: "Ɗana, so nake in na danna ya tambaye ni daga wace rana zuwa wace rana, da sunan dillali, sannan ya fito min da lissafi."

Akwai InputBox, ɗan akwatin tambaya da ke zuwa da Access, amma abu ɗaya yake karɓa a lokaci guda, kuma kome aka ba shi rubutu yake mayarwa. In mutum ya fasa, fanko za ka samu, in ya amince bai rubuta kome ba, fankon ne dai. Don haka na ƙera ƙaramin fom mai gurabe uku da maɓalli biyu, "To" da "Fasa".

Buɗe shi ba wuya. Da DoCmd.OpenForm ake yi, a haɗa da acDialog. Wannan acDialog shi ke tsayar da umarnin da ya kira fom ɗin, ya yi ta jira. Wuyar tana wajen karɓo amsar, domin da zarar an rufe fom, abin da aka rubuta ciki ya tafi tare da shi, in ka neme shi sai kuskure mai lamba 2450 ya fito. Abin da ya warware min shi ne, ba rufewa kaɗai ke sakin umarnin ba, ɓoyewa ma tana sakinsa. Sai na sa "To" ya yi Me.Visible = False, "Fasa" kuma ya rufe fom ɗin gaba ɗaya. Umarnin da ke jira yana farkawa sai ya duba IsLoaded a CurrentProject.AllForms, wanda ke faɗa ko fom ɗin yana buɗe har yanzu. In fom ɗin yana nan a ɓoye, an amince ke nan: ya kwashe amsoshin, sannan shi da kansa ya rufe shi. In ba ya nan, an fasa, kada a taɓa kome.

Wasu sun fi son zuba amsar cikin ma'ajiyar da duk shirin ke gani. Ban yarda da ita ba, don kuskure ɗaya da ba a tare ba yana iya share ta. TempVars, wata ma'ajiyar wucin gadi da ta zo da Access 2007, ya fi ta ƙarko, sai dai in ka manta gogewa, tsohuwar amsa za ta zauna ta jira ka har a rufe Access.

Inda na fi shan aiki shi ne kwanan wata. Kwamfutocinmu da Faransanci aka saita su, rana ce gaba, wata a baya. Shi kuwa SQL na Access, wato harshen da ake tambayar rumbu da shi, in ka liƙa kwanan wata tsakanin alamun #, tsarin Amurka yake bi. Yaro ya rubuta 03/04 yana nufin 3 ga Afrilu, rumbu ya ɗauka 4 ga Maris. Abin haushin, daga 13 ga wata zuwa sama Access yana juya shi daidai da kansa, tunda babu wata na 13. Wato lissafi zai yi kyau fiye da rabin wata, ya karkace a farkonsa, ba tare da wani gargaɗi ba. Haka waƙafi: mu 12,5 muke rubutawa, SQL kuma 12.5 ya sani. Ga sunaye irin Sa'idu da Ma'aruf, alamar da ke tsakiyarsu tana yanke jimlar SQL gida biyu.

Duka ukun magani ɗaya ne: na bar liƙa amsa cikin jimla, na koma miƙa ta ta Parameters na QueryDef, wato guraben da ajiyayyar tambaya ke karɓar amsa da su, kowace da nau'inta. Tantancewa kuwa a maɓallin "To" na ajiye ta, kafin ɓoyewa. IsDate ya duba ranakun, a tabbatar ta farko ba ta wuce ta ƙarshe ba, gurbin da aka bari fanko kuma Nz, mai cike fanko da abin da ka ba shi, ya tare shi. Sunan dillali ma na hana a rubuta da hannu, daga jeri ake zaɓa, kuma lambarsa fom ɗin yake dawowa da ita, don Sani biyu ne ke kawo wa Kawu wake.