Ranar da Kawu ya hana ni sayen jirgi mai sabon fenti

Ni dai fentin ne ya ɗauke min hankali. Shuɗi ne shar, an rubuta "Haƙuri Maganin Duniya" a gefe, ga injin Yamaha 15 a ɗaure a baya. Har na buɗe baki zan taya, sai Kawu ya taka min ƙafa.

Kawu Basarke ne, a bakin Kwara aka haife shi tun kafin a gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya cinye tsohon garinsu. Shi ya sa da na tara ɗan kuɗina zan sayi kwale-kwale na hannu in bai wa ƙanena ya riƙa kamun kifi, na ce sai ya raka ni Yawuri.

"Malam, a fito da shi tudu a kife mana," in ji Kawu.

Mai jirgin ya ɓata fuska, ya ce ai ga shi a kan ruwa, ido na gani.

"Shi ruwan ne ke rufa masa asiri."

Aka kife. Kawu ya bi katakan ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa da ƙotar wuƙa. Mai lafiya amsawa yake ƙwal-ƙwal, wanda ya ruɓe kuwa sai ka ji dum, kamar ka bugi kabewa. Wajen gindi, inda ake ɗaure inji, ya soka tsinin wuƙar, ta shige kamar a tuwo. Ya ɓamɓare kwaltar da aka malala, sai ga facin kwano uku a jere, ƙusoshin duk tsatsa. Faci ɗaya ba laifi ba ne, don tafkin Kainji cike yake da kututturan itatuwan da ruwa ya shanye, babu jirgin da bai taɓa cin karo da su ba. Uku a katako ɗaya kam, katakon ya gama aiki.

Injin ne ya fi ba ni haushi, tunda nan ne kuɗin yake. Sau da yawa ya fi gangar jirgin tsada. Kafin a ja igiya Kawu ya ɗora tafin hannunsa a kai. Da ɗumi. Wato tun da safe an tashe shi don kada mu ga yadda yake gardama in ya kwana. Ya sa aka kwance ƙusar man giya da ke kusa da farfela, man ya zubo fari-fari kamar koko. Ruwa na shiga. Da aka tayar kuma, ruwan da ke sanyaya shi ɗiga yake maimakon ya yi tsartuwa.

Muka yi sallama ba tare da na taya ba.

Wanda muka saya ƙarshe mummuna ne, fenti duk ya koɗe, ya daɗe a kan yashi har katakan sun bushe sun yi baki. Na tsorata, Kawu ya yi dariya. "Ɗana, wannan ƙishirwa yake ji." Muka jiƙa shi kwana biyu, katakan suka kumbura suka haɗe. Muka kwarfe ruwan tas da magariba, da asuba muka tarar da abin da bai cika ƙwarya ba.

Kawu ya lissafa kuɗin katako biyu, ƙusoshi, kwalta da ladan kafinta, ya zabge daga abin da mai shi ya yanka. Sau uku mutumin na cewa albarka kafin ya sallama. Injin kuwa har yanzu muna nema, filafili ƙanena yake tuƙi da shi.