Abin da rediyo ke faɗa da abin da tayar motata ke takawa

Sana'ata tuƙin motar haya. Gombe zuwa Kaltungo nake yi, in fasinja ya samu in zarce har Yola. Rediyon motata ba ya hutawa, saboda haka labarin Gwamnan jiharmu ta Gombe, Muhammadu Inuwa Yahaya, nakan ji shi safe da yamma, daga bakin masu yabo da bakin masu suka. Abin da ke damuna shi ne, da wuya ɗayansu ya ba ni maganar da zan iya zuwa in duba da idona.

Mu ɗauki maganar hanyoyi, tunda ita na fi sani. Bayan hawansa a 2019 gwamnati ta fito da shirin gina kilomita 100 a kowace ƙaramar hukuma cikin 11 da muke da su, jimilla kilomita 1,100 ke nan. Alkawari ne mai lamba, ana iya auna shi. Amma sai ka ji mai rahoto yana cewa “an zuba ayyukan hanyoyi a lungu da saƙo”. Wane lungu? Kilomita nawa aka gama a Nafada, nawa a Shongom? Wanne aka shimfiɗa wa kwalta, wanne ke matakin jar ƙasa? Nawa aka ba ɗan kwangila, kuma yaushe ya kamata ya miƙa aiki? Ranar aza harsashi kyamara ta cika wuri, ranar yanke kyalle ma haka. Tsakanin ranakun nan biyu, lokacin da ruwan damina ke gwada kwalbati, ba na cin karo da ɗan jarida a hanya.

Akwai hanyoyin da aka yi, na hau su, kuma ba zan ɓoye ba. Ƙauyen da a da sai ka cire takalmi ka tura mota yanzu kana shiga da buhunan masara ba fargaba. Wannan gaskiya ce da masu suka ba sa son faɗa.

Su ma masu sukan suna da nasu laifin. Kwanaki tayata ta faɗa wani rami bayan mun wuce Kumo, wani dattijo a gidan gaba ya dafe hularsa ya ce, “Malam direba, ka ga aikin gwamnan naku ko?” Na ce, “Baba, wannan hanyar ta tarayya ce, gyaranta na wuyan Abuja da hukumar FERMA mai gyaran hanyoyin tarayya.” Ya ce ai a waya jikansa ya nuna masa hoton ramin, an rubuta sunan gwamna a ƙasa. Ban ga laifin tsohon ba. Wanda ya ɗora hoton a Facebook ya san hanyar Gombe zuwa Yola da ta Gombe zuwa Bauchi ba na jiha ba ne, ko kuwa ya kamata ya bincika kafin ya rubuta. In da cewa ya yi gwamna ya matsa wa Abuja lamba, tunda tun 2023 shi ke shugabantar ƙungiyar gwamnonin Arewa, da na mara masa baya.

Haka maganar zaizayar ƙasa, wadda duk ɗan Gombe ya san yadda kwari ke cinye gidaje. Wasu manyan ayyukan tare kwarin ana yin su ne ƙarƙashin shirye-shiryen Bankin Duniya, NEWMAP a baya, yanzu ACReSAL da ya shafi jihohin Arewa 19 da Abuja. Kuɗin rance ne, za a biya. Mai yabo yakan tsallake wannan, sai ka ɗauka daga aljihun mutum ɗaya aka ciro. Mai suka kuma ya ce tunda kuɗin Bankin Duniya ne gwamna bai yi komai ba, alhali sai jiha ta bi, ta cika sharuɗɗa, ta zuba nata kason.

Na san aikin jarida a jiha ba sauƙi. Gidan rediyon gwamnati, gwamnati ke naɗa shugabansa, ita ke biyan albashi. Masu zaman kansu kuma da talla da sayar da fili suke sayen man janareto. Ba na ƙin ɗan siyasa ya sayi minti talatin ya saki sojojin bakinsa. Amma a faɗa mana a farko, a tsakiya, da ƙarshe cewa wane ne ya ɗauki nauyi. Fasinjojina da yawa ba sa bambance wannan da labarai, muryar ɗaya ce, tashar ɗaya ce, sai su sauka da maganar su kai ta gida a matsayin “rediyo ya faɗa”.

Roƙona ga 'yan jaridarmu ƙarami ne. Kasafin kuɗin jiha yana intanet. A ɗauki ƙaramar hukuma ɗaya, a ce Balanga, a karanto hanyoyin da aka rubuta mata, sannan a hau mota a bi su ɗaya bayan ɗaya da rakoda a hannu, a tambayi masu babura da matan da ke kai nono kasuwa. Duk wanda ya shirya, ya same ni a tasha, kujerar gaba tasa ce har Talasse, hedkwatar Balanga.