Gilashin da ya cinye mini ribar aiki a Birnin Kebbi

Har yau in na bi ta gaban ginin nan da la'asar sai na kau da kai.

Wani abokin yayana ne ya buɗe ɗan gidan baje kolin zane-zane da kayan gargajiya, ya ba ni aikin tsara inda baƙi za su zauna su jiƙa maƙoshi bayan sun gama zagaye. Na kwana uku ina duba hotuna a intanet. Wanda ya tafi da hankalina na wata mashayar giyar inabi ne a cikin gidan zane a Turai: kwalabe jere a kan kanta, haske na ratsa su ta baya, ja wur. Na ce ai zobo ma ja ne. A cire haram a sa halal, shi ke nan.

Sauran aikin bai ba ni wahala ba. Kujeru 'yan tsugunno, tabarmi, faifai a bango, homa da gora irin na masuntan Argungu a rataye daga sama. Kafinta ya yi nasa, mai fenti ya yi nasa.

Bangon yamma ne na sa aka fasa, aka kafa gilashi tun daga ƙasa har kusan rufi, don rana ta bugi kwalaben. Tsohon maginin da ke aikin ya ajiye cebur ya dube ni. "Ɗana, ka san ta inda rana ka faɗuwa kuwa?" Na ce, "Baba, ai ita nake nema." Bai ƙara magana ba, sai ya ce Allah ya sa alheri.

A watan Disamba muka buɗe, hazo ya rufe rana, kowa sai ɗaukar hoto. Ni kuwa kaina ya yi girma.

Da Maris ya kama, zafi ya haura digiri 40, daga ƙarfe uku wurin ya koma tanderu. Fanka iska mai zafi take juyawa, firji na ta nishi ba hutu. Zobon da muka jera don ado kuwa, kwana biyu sai ya yi tsami ya fara kumfa, har murfin wata kwalba ya yi tsalle a gaban baƙi. Abin da muka guje wa shi rana ta so dafa mana a kan kanta! Wannan dai an yi dariya an wuce.

Wanda ba a yi wa dariya ba shi ne zanen. Tsohon saƙi ne da wata dattijuwa ta ba da aro, na kakarta, ni kuma na rataye shi daidai inda hasken ke sauka. Ranar da muka sauke shi, inda ya naɗe a bayan sanda launinsa na nan da ƙarfinsa, sauran duk ya koɗe. Hasken rana ba ya barin rini, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Na san wannan a karatu. Na je har gida na durƙusa, ta shafa zanen ta ce, "Ba komai, ɗana." Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Abin haushin, sau nawa na shiga Gidan Tarihi na Kanta a Argungu? Fadar sarki ce har 1942, aka mai da ita gidan tarihi a 1958. Bango mai kauri, haske kaɗan, kana shiga ka ji jikinka ya huce. Lokacin bikin kamun kifi na sha kai baƙi can, ina nuna musu makamai da tambura, ban taɓa tambayar kaina me ya sa maginan da ba su buɗe wa rana ƙofa ba.

In za ka yi irin wannan aiki, je ka tsaya a ɗakin da ƙarfe huɗu na yamma a watan bazara kafin ka zana komai. Kayan saƙa, fata da takarda kuma, nesa da taga.

Da kuɗina aka toshe gilashin, aka bar 'yan tagogi can sama, aka sa asabari a waje. Kwalaben yanzu ruwa ne mai kala a ciki, da ƙaramin ƙwan lantarki a bayansu, zobon gaske yana firji. Tsohon nan dai na sake kira. Ya zo da ceburinsa, ya tambaye ni bulo nawa na saya.